Filtar da Mushe Ya Ɗaura

A Tsarnawa, in ka ce kana neman Maman Sani, sai a tambaye ka wanne, don suna da yawa. In kuwa ka ce Takama mai kat-san-kat, ko wa ka tara zai nuna maka gidan da baki. Takama dai laƙabi ne, kuma shi ya jawo wa kansa. Mutum ne gajere, siriri, amma in ya sauko daga mota ya nufi wajen masu shayi, makulli na lilo a ɗan yatsansa, sai ka rantse jirgin sama ya ajiye a bakin hanya. Ba jirgi ba ne. Tsohuwar Fijo 404 ce mai buɗaɗɗen baya, irin wadda a nan ake kira kat-san-kat. Fara ce a da. Yanzu kam sai wanda ya san ta tun tana budurwa zai iya faɗin launinta.

Iyayensa manoma ne, gero da wake, kamar kowa. Amma gonarsu a bakin titi take, kuma yaron da ke ɗaga kai duk lokacin da mota ta wuce ba ya gama noma. Ya bi manyan motocin da ke ɗaukar siminti daga Malbaza, ya yi karen mota har gashin baki ya fito masa, sannan aka ba shi sitiyari. Ya tuƙa motocin mutane shekara da shekaru. Daga baya wani jandarma mai suna Seyni, mutumin yamma da ya yi ritaya a Konni yana shirin komawa garinsu, ya sayar masa da kat-san-kat ɗin. Ko a lokacin ma ba yarinya ba ce.

Ranar da zai miƙa makulli, Seyni ya ɗaga murfin inji ya nuna masa wani ƙoƙon ƙarfe a gefe. Ya kwance shi, ya zaro wata rariya ta waya daga ciki, baƙa ƙirin. Ya ce ita ke tace baƙin mai kafin ya zagaya cikin inji, kuma ba ta tsufa, ba ta mutuwa. A wanke ta da fetur, a shanya, a mayar, shi ke nan. Takama ya riƙe wannan magana da hannu biyu. Kowace Juma'a da hantsi, kafin ya yi wankan masallaci, sai ya yi wa rariya nata. Yakan zauna a gindin dogonyaron ƙofar gida da wata tsohuwar tasa da buroshin haƙori, ya yi ta goga, ya ɗaga ta sama ya leƙa rana ta cikin ramukanta. In haske ya ratsa ko'ina, ya gamsu. Matarsa Hajara ta sha cewa da ita ake lallaɓawa haka da ba ta tsufa ba.

Da wannan mota ya ci, da ita ya sha, da ita ya aurar da ƴaƴansa mata. Ran kasuwar Badaguishiri yakan loda buhunan gero, a ɗora awaki a kai, mutane su zauna a saman awakin in sun samu wuri. Lokacin albasa kuma ya nufi wajen Dogarawa, ya kwaso ya kai Konni. Babu ƙararrawa a bayan kat-san-kat. Wanda ya iso inda zai sauka sai ya buga rufin mota da tafin hannu, Takama ya ji a saman kansa, ya taka burki.

Ɗansa namiji ɗaya ne, Ja'afar, kuma shi ne ɗan fari. Wanda ya san ƙasar nan ya san abin da wannan ke nufi. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa a gaban mutane, ba a yabonsa, ba a nuna an damu da shi. Kunya ce, ba ƙiyayya ba, kowa ya sani. Da aka yaye shi sai kakarsa ta ɗauke shi zuwa ɗakinta, a cikin gidan dai, taku kaɗan daga ɗakin uwarsa. Hajara takan ce “yaron ga”. Takama kuwa, da yake shi komai sai ya yi fiye da kowa, ko “yaron ga” ɗin ma da ƙyar take fita. In yana son aikensa sai ya dubi bango ya ce a kawo ruwa. Al'ada ce mai kyau a idon masu kallo, amma tana da nauyi, kuma ba masu kallon ke ɗaukar nauyin ba.

A zuciyarsa ya so yaron ya gaji sitiyari. Bai faɗa ba, ina zai faɗa? Shi kuma yaron, da bai ji an kira shi ba, sai ya bi lakwal, wato makarantar boko. Ya yi karatu a Konni, ya wuce Tawa, ya dawo malamin makaranta, aka tura shi wani ƙauye a bayan Badaguishiri. Daga nan iyayen suka samu sauƙi, don a nan malamin lakwal “mushe” ake ce masa, sai suka samu sunan da baki zai iya ɗauka. A majalisar masu shayi Takama yakan ce mushen gidansa hannun alli gare shi, ko tayar keke ba zai iya cirewa ba. Mutane su yi dariya. Ba su san cewa duk ranar da ya bi ta kusa da ƙauyen yakan rage gudu daidai lakwal, yana kallon taga, ya wuce bai tsaya ba.

Sau ɗaya suka yi saɓani na sosai. Ja'afar ya zo hutu ya ga uban a ƙarƙashin mota tun safe har azahar, ya ce da an sayar da ita an huta. Takama ya ci gaba da aikinsa. Amma daga ranar har shekara ta zagayo, duk gaisuwar da yaron ya yi, “lahiya” ɗaya yake samu, ba ƙari.

A daminar da ta biyo, lokacin babban hutu, Ja'afar ya dawo daga Sakkwato da wani kwali a leda. Ranar Juma'a ce, Takama ya riga ya shimfiɗa buhu a gindin dogonyaro, tasa da buroshi na gefe. Ja'afar ya durƙusa ya gaishe shi, ya ajiye kwalin a gabansa.

“Baba, ga wani abu na samo ma motag ga.”

Takama bai dubi kwalin ba. Ya juya wajen Hajara, wadda ke tsintar wake a bakin zaure.

“Ke, tambayi mushen ga, motata ta kai mishi ƙara?”

Ja'afar ya yi murmushi ya buɗe kwalin. A ciki akwai wani faifan ƙarfe mai haƙoran dunƙule a tsakiya, da wani farin gwangwani mai zoben roba a bakinsa. Ya yi bayani a hankali, idonsa a ƙasa. Faifan za a ɗaura a gurbin tsohon ƙoƙon, gwangwanin kuma, wato filta, a murɗa shi a jikin faifan. Rariya tana tare tsakuwa da ɓarɓashin ƙarfe, amma ƙurar jar hanya, mai laushi kamar gari, wucewa take yi, kuma ita ke cin inji a hankali. Wannan kuwa takarda ce a ciki, an nannaɗe ta, ba abin da ke wuce ta.

“Takarda?” in ji Takama, har ya manta ya dube shi kai tsaye. “Cikin injina? Ku dai komi naku takarda.”

“Kuma ba a wanke ta, Baba. In ta cika, yas da ita aka yi, a sa sabuwa.”

Nan ne fa Takama ya ajiye buroshi. A gidan da gwangwanin tumatir ke zama ma'aunin gishiri, tsohon tub ya zama guga, tsohuwar taya ta zama takalmi, a zo masa da abin da tun ranar saye an san yarwa za a yi! Ya ture kwalin da bayan hannu. Hajara ba ta ɗaga kai daga wakenta ba, ta yi magana ƙasa-ƙasa kamar da waken take.

“Hulad da yak kawo maka ka ba Abarshi bakanike. Agogon ma ka ba limami. Wanga karon ba kai yak kawo ma ba, mota yak kawo ma. Ita ko ba ta da kunyar kowa.”

Takama ya sake duban kwalin. Can ya jawo tasa ya tura ta ƙarƙashin inji.

Aikin bai fi na hantsi ɗaya ba, amma shi ne aiki na farko da suka taɓa yi tare. Takama ya tsiyaye tsohon mai, ya kwance ƙoƙon, ya zaro rariyarsa ya ajiye ta a kan tsumma mai tsabta, don bai yarda an gama da ita ba. Ja'afar ya naɗe hannun rigarsa ta zuwa masallaci, ya goge gurbin, ya zaunar da faifan. Wurin matsattse ne, sai uban ya riƙe, ɗan ya ɗaure, kafaɗa na gogar kafaɗa. Rabon da jikinsu ya haɗu haka, Takama bai iya tunawa ba, wataƙila ma bai taɓa faruwa ba. Ja'afar ya zuba sabon mai cikin filtar har ta sha, ya lakato kaɗan da yatsa ya shafe zoben robar, ya soma murɗa ta a hankali har ta zauna. Takama ya miƙa masa sifana.

“A'a Baba, wagga da hannu aka ɗaure ta.”

“Da hannun alli?”

“Da shi.”

Ja'afar ya kama farin gwangwanin da hannunsa da ya yi baƙi da mai, ya cije leɓe, jijiyoyi suka tashi a damtsensa, ya ƙara murɗawa. Da ya tafi wanke hannu, Takama ya waiga ya ga ba mai kallonsa, ya sa hannu ya gwada. Ko motsi ba ta yi ba. Suka zuba mai, aka tada inji, su biyu suka sunkuya suna jiran ɗigo. Babu. Takama ya saurari ƙarar injin, ya gyara hula, ya dubi dogonyaro ya ce, “Ba laihi.” Duk wanda ya san shi ya san ya yi yabon da bai taɓa yi ba.

“Hutun sanyi in na zaka, in taho da sabuwa mu canza tare,” in ji Ja'afar. “Kak ku taɓa ta, Baba, sai na zo.”

An buɗe lakwal bayan an fara yankan gero. Ba a daɗe ba Hafiza, matar Ja'afar, ta kira da rana tsaka tana kuka. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi, an sha magani, yau kuma ba ya gane mutane. Takama ya sauke buhunan da ya fara lodawa a tasha, ya kama hanyar Badaguishiri. Suka shimfiɗa katifa a bayan mota, suka kwantar da shi, Hafiza ta ɗora kansa a cinyarta ta kare masa rana da mayafi. Asibitin Konni za su. Ko da zai rufe ƙofar baya, Takama ya tsaya ya dubi fuskar ɗansa. Bakinsa ya motsa, amma akwai mutanen ƙauye a tsaye, sai ya ce, “A riƙe shi da kyau.”

Motar ba ta taɓa gudu irin na ranar ba. Injin na tafiya sumul, ba tari, ba gardama, kamar ta san wanda ta ɗauko. La'asar ta yi, sun hango itatuwan Tsarnawa, saura su karya kwana su hau babban titi zuwa Konni, sai Takama ya ji an buga rufin mota a saman kansa. Da tafin hannu, irin bugun fasinjan da ya iso. Ya taka burki. Bai fito nan da nan ba, ya zauna riƙe da sitiyari yana jin kukan Hafiza ta bayan gilashi. Sannan ya sa giya, ya juya kan motar zuwa gida.

A zaman makoki idonsa a bushe yake. Duk wanda ya ce ya haƙuri, sai ya amsa da godiya, ya miƙa hannu ga na gaba. Mutane suka yi ta yaba masa, wai dattijo ke nan, ɗan fari ne amma dubi yadda ya daure. Da sun yi shiru da ya fi. Mutumin da bai kira ɗansa yana raye ba, ta ina zai fara kuka a gaban jama'a? Zuciyarsa ta karye, karyewa ta gaske, kuma babu inda aka tanadar masa ya ajiye ta.

Juma'ar da ta biyo ya fito da tasa da buroshi kamar kullum, ya ɗaga murfin inji, sannan ya tuna babu abin wankewa. Ya tsaya yana kallon filtar. A jikin farin gwangwanin ga shatin yatsu, na baƙin mai, ƙura ta hau kai zafin inji ya gasa su sun zauna daram. Babban yatsa a sama, sauran a jere ta gefe. Ya ɗauki tsumma ya goge ko'ina a cikin injin, ya zagaye wurin bai taɓa ba. Daga ranar wannan ya zama aikinsa na Juma'a.

Hutun sanyi ya zo, malaman lakwal suka dawo gidajensu, shi da kansa ya ɗauko wasu daga ciki. Ya yi wa mota juye, ya zuba sabon mai, filta kuwa tana nan. Sanyi ya wuce, zafi ya shigo, ya sake juye. Tana nan. Ba jahilci ba ne, ya ji bayanin sarai, ya san takardar ciki tana cika kullum. Amma duk duniya wannan ne kaɗai abin da hannun ɗansa ya ɗaure masa, kuma yana nan a ɗaure yadda ya bar shi. In ya kwance, ya kwance ke nan.

Cikin bazara jar fitilar mai ta fara ƙyaftawa in mota na tsaye. Ya yanki baƙar roba ya manne a kai. Abarshi bakanike, abokinsa tun suna karen mota, shi ya gano, ranar da Takama ya je a ɗaure masa salansa. Ya ɓamɓare robar, ya ga fitila, ya leƙa inji.

“Takama, filtag ga ta toshe. Mai ba shi wucewa yadda ya kamata. Bari in aika Konni a kawo wata.”

“Bar ta.”

“To mu mai da rariyarka ta da. Ai tana nan, na san ka.”

“Sai an kwance wagga kahin a mai da ita.”

“To a kwance mana! Auren ta ka yi?”

“An ce kar in taɓa.”

“Wa yac ce?”

Takama ya buɗe baki, sunan ya zo har maƙogwaro ya tsaya. “Mai ita,” ya ce.

Abarshi ya sake duban filtar, wannan karon ya ga yatsun. Ya goge hannunsa a wando. Da ya yi magana, ba da wasa ya yi ba. “Allah shi jiƙan mushe. Amma kashe ta za ka yi, Maman Sani. Injin ga in ya buga, ba ni da inda za ni samo maka kayanshi, ko a Sakkwato.”

Ya sani. Abu biyu suka rage masa, motar da ya yi rayuwarsa a cikinta da ɗaurin da ke jikinta, kuma ɗaya na cin ɗaya. Sai ya shiga dabara irin ta wanda ba ya son zaɓi. Ya bar hanyar Badaguishiri, wai ta yi masa nisa. Ya rage lodi. Ya koma zuwa Konni kawai, a hankali, har masu babur na wuce shi suna yi masa ba'a. Fasinjojinsa na da suka koma ƙananan bas, suna gaishe shi ta taga. Hajara ta ga tuwo na raguwa a gidan, ta kuma san dalili. Ita ma ran Juma'a takan samo abin da zai kai ta ƙofar gida daidai lokacin da murfin inji ke buɗe.

Wata rana yana dawowa daga Konni, ya kusa gari, ya ji wata ƙara a ƙasan injin, siririya, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa da ɗan yatsa. Ya kashe mota nan take. Shanun wani mai amalanke ne suka jawo ta har gida. Takama, wanda ke saukowa daga mota kamar matuƙin jirgi, ya ratsa Tsarnawa a bayan bijimai biyu, yana riƙe da sitiyari, ya wuce ta gaban masu shayi. Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi yi masa ciwo. Abarshi ya zo ya saurara, ya ce da sauran rai, amma tafiya ɗaya ta rage mata in ba a canza ba. Motar ta zauna a gindin dogonyaro, kaji suka fara kwana a ƙarƙashinta.

Ana gab da saukar ruwan fari Hafiza ta zo. Tun da ta fita takaba take gidan iyayenta a Illela, sai yanzu ta iya buɗe akwatin mijinta. Ta kawo wa Hajara rigunansa, ta kawo wa ƙannensa littattafai. Sannan ta durƙusa a gaban Takama ta ajiye wani kwali a leda. Bai buɗe ba ya gane shi.

“A ƙasan akwati na ishe ta, Baba. Biyu yas sayo tun a Sakkwato.”

“Biyu?” Takama ya dubi kwalin. “To mi ya hana a bar ta nan tun ran nan?”

Hafiza ta sunkuyar da kai, tana murza bakin mayafinta. “Ni ma haka nit tambaye shi. Yac ce in ya bar muku ita, ku kaɗai za ku canza abinku, ba ku jiran shi.”

Takama ya ce Allah ya yi mata albarka, ya tashi ya shiga ɗaki da kwalin. Ranar bai fita masallaci ba sai magariba.

Ran Juma'a da hantsi ya shimfiɗa buhu, ya kori kaji, ya ɗaga murfin inji. Bai kira Abarshi ba. Hajara ta fito ba a kira ta ba, ta ɗauki tasar ta riƙe. Ya daɗe yana kallon yatsun kafin ya ɗora nasa a kansu, babban yatsa a sama, sauran ta gefe. Hannun yaron ya fi nasa girma, bai taɓa sani ba. Ya murɗa. Ba ta motsa ba. Ya naɗa tsumma ya sake, ya sa hannu biyu, ya tokare ƙafa da taya har gumi ya jiƙa masa hula. Ya zare ɗamararsa ya zarga mata ya ja, ɗamarar ta zame. Da ya janye tsumman ya duba, gwangwanin ya yi fari tas. Shatin ya tafi, ya koma baƙi-baƙi a tafin hannunsa da jikin tsumma.

Ya tsaya yana kallon tafin hannun. Sannan ya yi abin da kowane bakanike ke yi wa filtar da ta ƙi fita. Ya ɗauko dogon sukundireba da guduma, ya kafa tsinin a cikinta, ya buga har ya fita ta ɗaya gefen. Mai ya zubo cikin tasar Hajara, baƙi, mai kauri kamar kunu. Ya kama sukundireban ya danna, ɗaurin ya yi ƙara ya saki.

Sauran aikin ya yi shi yadda ya gani an yi. Ya goge faifan. Ya zuba sabon mai cikin sabuwar filtar har ta sha. Ya lakato kaɗan ya shafe zoben robar, ya murɗa a hankali har ta zauna, ya ƙara iya ƙarfinsa. Ya shiga ya tada inji. Jar fitilar ta kama, ta yi jim, ta mutu. Ƙwanƙwasar nan ta yi ƙasa har sai ka kasa kunne za ka ji ta. Motar ta rayu.

Ya zagayo ya sunkuya yana duba gindin filtar, Hajara na gefensa. Wani ɗigo ya taru a bakin zoben, ya yi nauyi, ya faɗa cikin tasa. Wani ya biyo shi. Takama ya sa hannu ya ƙara murɗawa, amma hannun ya riga ya ƙare a wajen kwancewa, zamewa kawai yake yi. Hajara ta ɗauko sifana daga kan buhu ta miƙa masa.

“Da hannu aka ɗaure ta,” ya ce.

Ya sake gwadawa. Ɗigon bai daina ba. Sai ya ɗago, ya juya kansa wajen zaure, kamar yadda kowane uba ke yi in aiki ya fi ƙarfinsa kuma ya san akwai saurayi a cikin gida.

“Ja'afaru!” ya kira, da ƙarfi, har maƙwabta suka ji. “Ja'afaru, taho ka ɗaure min!”

Hajara ta saki sifanar ta toshe bakinta da mayafi. Tun ranar suna ba ta taɓa jin sunan a bakinsa ba, kuma ita ma bai taɓa fita daga nata ba. Suka tsaya su biyu suna kallon ƙofar zaure. Injin na ta aiki a bayansu, mai na ɗiga cikin tasa.